Sunayen 'Ya'yan Gangaren Ɓaure

An ce a zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace, an yi wani sarki ana ce masa Dambo, mai adalci amma mai saurin fushi. Wata damina kogi ya yi ambaliya ya cinye garin Rafin Marke, mutanensa suka taru a ƙofar fada da 'ya'yansu a goye. Sarki ya kira Waziri Gwadabe ya ce, "Zaga garuruwana ka gano mini inda zama ya fi sauƙi, can zan zaunar da bayin Allahn nan."

Waziri ya zaga. A Kurmin Shuni ya tarar da sana'ar rini, amma babu gonar da za a ba baƙo. A Dutsen Maƙera ruwa garau, sai dai tsada, har itacen girki saye ake yi. A Gangaren Ɓaure kuwa, garin da ke hannun Galadima Tambai, abin da zai sayi mudun gero a Dutse nan ƙwarya yake cikawa, ga gidaje a banza, sai ka zaɓa.

Da Waziri ya komo ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Dutsen Maƙera."

Galadima, wanda tuni ya ƙyasa harajin sababbin talakawa, ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, mutanen da ruwa ya bari da rigar wuyansu za a kai garin tsada? A tambayi Waziri abin da maƙera suka cusa masa a aljihu."

Idanun Sarki suka kaɗa. Ya ce, "Gwadabe, in ka sayar da marayun nan, takobi ne hukuncinka. Ka wanke kanka kafin ranar nan ta faɗi." Dogarai suka matso suka tsaya a bayansa.

Waziri ya san gaskiyarsa, amma gaskiyar tana can bayan ganuwar Gangare, a maƙabartar da ya ga ƙananan kaburbura sun fi manya yawa. Wa zai ɗauko maƙabarta ya kawo fada kafin magariba? Tsoro ya kama shi sosai, don yana da 'ya'ya ƙanana a gida.

Galadima kuwa, da ya ga kasuwarsa ta buɗe, sai ya so ya ƙara gishiri. Ya sa aka shigo da samari da 'yan matan Gangare da suka ɗauko masa hatsin gaisuwar da ya kawo wa Sarki, zaɓaɓɓu, kowa jiki mulmul. "Zaki, dubi abin da arha ke yi wa jiki."

Waziri ya dube su, ya dubi kunnuwansu, ya daɗe. Sannan ya ce, "Allah ya ja zamaninka, tambaya ɗaya nake roƙo. Kowannensu ya faɗi sunan da uwarsa ke kiransa."

Na fari ya ce, "Ajuji." Ta biyu ta ce, "Ayashe." Sai Ajefas, sai Barmani, sai wani Ajujin kuma. Aka bi su kaf, da ƙyar aka sami mai suna irin na kowa.

Babu wanda bai gane ba a zauren. Sunayen wabi ne, waɗanda uwa ke sa wa jaririnta bayan ta binne na gabansa, ta nuna kamar ba ta damu da shi ba, ta tsaga masa kunne, ko mutuwa za ta raina shi ta wuce.

Waziri ya ce wa yarinyar, "Ayashe, ina yayyenki?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban tarar da ko ɗaya ba, ranka ya daɗe. Inna ta ce ruwan tafki ne, ciwon ciki yake ɗebe su tun kafin yaye."

Waziri ya juya ga Sarki. "Gero ya yi arha a Gangare ne domin bakunan da za su ci shi suna ƙasa. Gidajen da ake bayarwa kyauta, masu su ba tafiya fatauci suka yi ba. A Dutse za a sha wuyar cefane, amma yaro zai girma ya taya ubansa."

A hankali Sarki ya sa hannu ya sassauta rawaninsa, abin da fadawa ba su taɓa gani ba, sai ga kunnensa na hagu a tsage.

Ya ce, "Ni ma Ajuji uwata take kirana. Har ta rasu ba ta yarda ta rungume ni a gaban mutane ba."

Ya ɗaga wa dogarai hannu suka ja da baya. Ya yi umarni a kai mutanen Rafin Marke Dutsen Maƙera, a ciyar da su daga rumbun fada har kaka. Galadima kuma aka tuɓe masa rawani, aka ce ya koma Gangare da iyalinsa, ya sha ruwan da talakawansa ke sha har ranar da ya gama haƙa musu rijiyoyi.

Masu ba da labari sun ce ba a taɓa ganin rijiyoyin da aka haƙa da sauri irin waɗannan ba. Ayashe kuwa ta yi aure ta haifi ɗa, ta sa masa Sa'idu, ta bar masa kunnensa yadda Allah ya yi shi.