Tukunyar Hiltrud

A can zamanin da, tun ƙasar Jamus tana kurmi baƙi ƙirin, kyarkeci ya fi mutum yawa, an yi wata mata mai suna Hiltrud, matar wani maharbi. Yunwa ta ci garinsu, ta haɗa da mijinta. Sai ta ɗauki mashinsa, ta tasa 'ya'yanta uku a gaba, ta rungumi wata 'yar tukunya mai ƙullin tsami, irin wanda ake ɗiba a zuba wa kwaɓin burodi ya tashi, ta faɗa daji.

Kwana tara suna tafiya cikin dusar ƙanƙara. Autarta ta rasu a hanya, da hannunta ta tone mata kabari. Rana ta goma, a bakin wani marmaro, wani ƙaton aladen daji ya yo kan yaran. An ce sau ɗaya ta soke shi ya faɗi, kuma inda jininsa ya zuba ƙanƙara ba ta sake kwanciya ba. Daga nan ta samo kirarinta: Hiltrud mai mashin miji, gwauruwar da ta hana daji 'ya'yanta, uwar gari tun babu gari.

Wata tsohuwa mai ƙona gawayi ta fito daga cikin itatuwa ta ce, "'Yata, me ke cikin tukunyar nan kika ƙanƙame ta kamar jinjiri?"

"Abin da ya rage mini na gida ke nan, Iya. Ki gaya mini gaskiya, wurin nan zai riƙe mini yarana?"

"Zai riƙe, amma ƙasar nan ba ta zama da mutum ɗaya. Duk Asabar ki ciyar da ƙullin da gari da ruwa, ki miƙa wa maƙwabta. Muddin tukunyar tana fita daga wani gida tana shiga wani, gari yana raye."

"To in babu maƙwabcin fa, Iya?"

Tsohuwa ta juya tana gyara wutarta.

Tambayar nan ba ta bar Hiltrud ta huta ba har ta mutu. Ta sare daji, ta shuka hatsi, ta gina tandar gasa burodi. Duk baƙon da ya ratso sai ta tare shi ta ba shi gona kyauta, sharaɗinta ɗaya, ya karɓi tukunya ranar Asabar. Ko tana kan gadon mutuwa cewa take, "Ku leƙa mini, gida nawa ke hayaƙi?" Aka ce sha ɗaya. Ta ce, "Kaɗan ne."

Shekaru suka yi ta shuɗewa. Gida ya kai arba'in, annoba ta zo ta bar shida, tukunya ba ta tsaya ba. Aka yi wani yaƙi na shekara talatin, sojoji suka ƙone rumbuna, mata suka gudu kurmi suna miƙa wa juna ita daga bukka zuwa bukka. Manyan yaƙe-yaƙe biyu suka kwashe maza, sai sunayensu a jikin dutse kusa da coci. Duk da haka ana miƙawa.

Abin da ya ci garin kuwa ba da takobi ya zo ba. Tarakta ɗaya ta ɗauke aikin mutum ashirin. Yara suka tafi birni, kowa yana cewa zai zo hutu. Aka rufe makaranta. Ƙarshe dai tsofaffi biyu suka rage, Walburga da Ottilie, suna miƙa wa juna tukunyar ta kan shinge.

Ran nan ɗan Ottilie ya zo da mota zai kai ta gidan kula da tsofaffi.

Walburga ta ce, "Kai Ekkehard, ni na yi maka wankan jarirta, yau kai za ka raba ni da ita? Wa zan ba tukunya?"

Ya ce, "Haba Inna, burodi fa yana nan a kanti."

Har yanzu tandar Hiltrud tana tsaye, marmaron yana gudu. Masu wucewa sun ce duk Asabar sukan ga wata tsohuwa rungume da tukunya, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kulle, ta ɗan jira, sannan ta juyo da abarta gida.