Tarin Da Ba Shi Da Tari

An yi wani mutum a wani gari, ba zan faɗi sunan garin ba don jikokin masu laifin suna nan da ransu. Wani bawan Allah ne ana ce masa Nomau. Ku saurara, ba sau biyu zan faɗa ba. Ke mai ɓare gyaɗa a baya, ajiye tukuna.

Nomau ba malami ba ne, ba mai hali ba ne, ko cikin mahauta ba a lissafa shi. Aikinsa wankin hanji. In an yanka an feɗe an kwashe tsoka, sai a turo masa kayan ciki bakin rafi bayan mayanka, shi da ungulaye. Ya juye tumbi, ya tatse hanji, ya ɗauraye, a yanka masa ɗan guntu ya kai wa matarsa da 'ya'yansa huɗu. Shekara talatin yana haka. Ko a masallaci, in ya shiga sahu sai an ɗan matsa. Amma hannun nan da ake ƙyama ya san cikin dabba fiye da yadda kuka san ƙarƙashin gadonku.

Sarkin Fawan garin, Korau, yana da 'ya ɗaya tal, Hansai, shekararta sha ɗaya. Yarinya ta kwanta. Ciki ya kumbura kamar tulu, hannu da ƙafa kamar kara. Yau gudawa, gobe ciki ya ɗaure. Da la'asar zazzaɓi, da safe zaninta jiƙe sharkaf da gumi. Aka ce shawara ce, aka ce iska ce, aka ce sammu ne. Ta sha sassaƙe, ta sha turare, ramewa kawai take.

To, Korau yana da shanu biyu a gida, uwa da 'ya. Abin alfaharinsa ke nan. Shi 'yarsa ba ta shan nonon kasuwa, sai madara da ɗuminta daga hantsa zuwa baki. In aka ce a tafasa, sai ya ce wuta cinye albarkar madara take. Yarinya na ƙara ramewa, ana ƙara cika mata ƙwarya. Kun ji ko? Ana ƙara cika mata.

Ana nan sai uwar saniyar ta lalace, tana tari tana tsotsewa. Kafin ta mutu ya yi asara, Korau ya ja ta mayanka ranar kasuwa ya sa mata wuƙa. Aka turo wa Nomau kayan cikin.

Yana sa hannu ya tsaya. Hanjin ya yi kauri, jikinsa duk ƙuraje farare kamar an watsa gero, ga ƙulu-ƙulu, in ka tsaga sai ka ga kamar ruɓaɓɓen cuku. Mahautan garin "gero" suke ce masa, kuma suna da ƙa'idarsu: a kankare, a jefa wa ungulu, a yi shiru. Nomau ya san bai taɓa ganin geron nan ba sai a saniyar da tari ya ci. Ya kuma san ko saniyar wa ce. Shekaranjiya ya ga an wuce da Hansai a kan jaki za a kai ta wurin mai magani, ciki a gaba, wuya kamar zare. Ya dubi ƙwaryar hanjin, ya dubi hanyar gidan Korau.

Korau ya leƙo ya ce, "Kankare ka kawo, mutane na jira."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba na kankarewa ba ne. Tarin fuka ne ya ci saniyar nan, ya sauka har hanji. Madararta Hansai ta sha, yanzu tana shan ta 'yarta. Ina tsoron abin da ke cikin ƙwaryar nan shi ne a cikin yarinyar."

Korau ya matso.

"Ka taɓa jin 'yata ta yi tari?"

"Ban taɓa ji ba."

"To tarin fuka babu tari? Ku zo ku ji fatawar limamin ungulaye."

Aka kwashe da dariya. Nomau bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, sunan mu muka sa masa. Shi ciwon bai san sunansa ba. Inda ya samu wuri, nan yake zama."

Korau ya ɗauke shi da mari, a gaban kowa, mutumin da ya girme shi. Kun san me ya ba shi haushi? Ba 'yarsa ba. In aka ji gidan Sarkin Fawa da tarin fuka, wa zai sake sayen namansa, wa zai sha ruwa a moɗarsa? Shi ke nan abin da ya dame shi, 'yarsa tana can tana ƙarewa.

Ya ce, "Ga cinya guda, ɗauki ka tafi gida ka manta. In ba haka ba, ajiye wuƙarka, kada in sake ganin ƙafarka a mayankata."

Nomau ya dubi cinyar. Rabon gidansa da tsoka tun layya, kuma ya san in ya bar bakin rafin nan ba shi da wata sana'a. Ya daɗe yana dubanta, ba zan ɓoye muku ba, ai mutum ne. Sannan ya ajiye wuƙar a kan dutse, ya ɗauki ƙwaryar hanjin ya ɗora a ka.

Ya ratsa tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ƙuda na binsa, mutane na toshe hanci, har zauren Korau. Ya yi sallama ya ce a yi masa magana da Inna Yalwa, uwar Korau, don ya san ita ke tatsar shanun.

Tsohuwa ta fito tana yatsina. "Wa ya kawo mana wari haka? Nomau, nama aka aiko ka da shi?"

"Ba a aiko ni ba, Inna, koro ni aka yi. Duba kawai."

Ta duba. Ya gaya mata abin da ya gaya wa ɗanta. Ta ce, "Ɗan nan, ka san abin da kake faɗa a kan jikata?"

Ya ce, "Inna, ni ban san magani ba, hanji na sani. Ke ke tatsa. Hantsar ƙaramar saniyar lafiya take?"

Wata biyu tsohuwa tana jin wasu ƙulu-ƙulu masu tauri a hantsar, tana cewa ƙuda ne ya ciji saniya, don ba ta son ɓata wa ɗanta rai. Ta juya ta shige gida. Ta tarar an tallabo kan Hansai ana ɗura mata madarar rana. Ta fizge ƙwaryar ta kifar a ƙasa.

Washegari ta goya yarinyar, 'yar shekara sha ɗaya amma ba nauyi, ta hau motar kaya zuwa birni, ba ta nemi izinin kowa ba. A asibiti aka duba, aka gwada, likita ya ce tarin fuka ne na hanji, da sun ƙara wata guda hanjin toshewa zai yi. Allura da ƙwaya, wata da watanni. Hansai ta tashi. Ta ci tuwo, ta yi nama a jiki.

To yanzu ku ji inda raina yake ɓaci. Korau ya yanka ƙaramar saniyar a bayan gida ya binne ta, ko fata bai cire ba. Ya san gaskiyar wa ce ke nan. Amma ya taka ya je ya ce Nomau yi haƙuri? Ya aika a ce dawo bakin aikinka? Ko sannu? Babu. Mahauta suka ce ya tona asirin sana'a, suka rufe masa ƙofa. Nomau ya koma haƙar ƙasa wa masu tubali har bayansa ya ranƙwashe. Garin nan kaf sun daina cin "gero" a dalilinsa, sun koyi tafasa madara a dalilinsa, kuma in ya shiga sahu sai an matsa.

Shekaru suka wuce, Hansai ta girma ta yi aure ta haihu. Ranar suna aka raba nama gida gida, aka tsallake ƙofar Nomau. Matarsa ta ce, "Ka ga sakayyarka, Malam. Ko ƙashi."

Ya ce, "An ce ta sauka lafiya?"

"Lafiya lau, namiji."

Ya ce, "To ni an kawo mini rabona."

Shi ya yafe. Ni da nake ba ku labarin ban yafe musu ba, kuma hakkin nan yana nan ajiye inda ba ya ɓata.

Abin da nake gaya muku shi ne, gaskiya ba ta zaɓen mai tsabtar riga, kuma wanda ya faɗa maka ita ya rasa abincinsa a kai, ya fi wanda ya yi maka shiru don ka so shi. Ku dubi gidajenku. Akwai mai kumburin ciki yana ramewa yana gumi, kuna ta cewa sammu ne, kuna hararar maƙwabta? Ku kai shi a gwada, kada ku tsaya jiran tari. In an ba shi magani ya shanye har ƙarshe, ba ya ji sauƙi ya watsar ba. Madara kuwa, ko daga saniyar ubanki ta fito, ki ɗora ta a wuta.

Kuma kowace a cikinku tana da Nomau nata, wanda ya gaya mata magana mai ɗaci ta daina gaishe shi, daga baya ta ga gaskiyarsa ta yi kamar ba ta gani ba. Kin san shi, na ga kin sunkuyar da kai. Ki je tun yana da rai. Allah Ya sa kada mu tashi a sahun Korau.