Tuwon da Ya Huce a Fada

"Ƙarya ce kake shirgawa, Galadima!"

"To kai ma shirga taka mu ji, Waziri. Ai ba wanda ya riƙe maka baki."

A zamanin da ne aka yi wannan cacar baki, a gaban wani sarki mai son labari. Waziri Gwadabe kuwa abin da ke cin ransa shi ne, tun da Galadima Nakande ya fara ba Sarki labari, aka ja buzunsa zuwa dama da karaga, inda Waziri ya saba zama. Ko dariya Sarki ya yi wa Galadima, sai Waziri ya ji kamar an watsa masa barkono a ido.

Waziri ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka, asiri yake yi maka. A gwada mu a gani."

Sarki ya ce, "Za a gwada. A ajiye wa fadawa tuwo mai zafi, kowannenku ya ba da labarinsa. Wanda ya hana su ci, buzun nasa ne."

Waziri ya gyara rawani ya fara. Ya kawo wani ɗan sarki kyakkyawa, jarumi, mai ilimi, wanda bai rasa komai ba, bai kuma nemi komai ba. Ya lissafo kakanninsa, ya shiga siffanta ƙofar gidansa. Kafin ɗan sarkin ya fito daga ƙofar, fadawa sun suɗe akussa, Sarkin Dogarai har da gyatsa.

Aka sake zubo tuwo. Galadima ya ce, "Wani saurayi ne ya ari riga zai je gaida surukai. Mai rigar ya ja kunnensa," sai ya maƙe murya, "'kada ka zauna da ita, kada ka yi gumi a ciki!' Ya isa, ya yi sallama. Yana ɗaga labule, sai ga mai rigar zaune kusa da uban yarinyar, yana kallonsa."

Nan Galadima ya katse labarin, ya nemi ruwan sha.

Fadawa suka sandare, loma a hannu. Waziri ya ji wata murya ta ce, "Sai ya zauna ko bai zauna ba?" Ya waiga neman mai magana, ashe daga bakinsa ta fito.

Sarki ya taɓa akushi, ya ji tuwo ya yi sanyi ƙalau. Ya ce, "Waziri, naka ba ya son komai, ba ya tsoron komai, don me za mu bi shi? Wannan kuwa har kai ya ja. Buzu na Galadima ne, maganar asiri kuma ta mutu."

Waziri ya haɗiye yawu, ya dubi akussan nan, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai a kama mai girki. Miyar da aka zuba a nawa labarin ta fi daddawa."