Yarinyar Da Ke Amsawa Da Tebur

Akwai wata mai ɗinki da autarta ke da larurar galahanga. Yarinya ce mai kaifin kai, amma in aka kira sunanta cikin mutane sai harshenta ya ɗaure. Sai dai ta ƙwanƙwasa tebur sau biyu. Amsarta ke nan.

Tun ranar farko uwar ta yi wa malamar aji bayani. Malama ta taɓe baki. "Duk sangarta ce. A ajina da baki ake amsawa."

Ƙarshen zango shugaban makaranta ya aika a kira uwar. Ta bar rigar mutane a kan keken ɗinki ta tafi, Auta na riƙe da gefen mayafinta.

"Baiwar Allah," in ji shugaba, "rajista ta nuna kwana arba'in da biyu 'yarki ba ta zo ba. Doka ta ce mu sallame ta."

"Ba ta zo ba? Ni da nake kawo ta har bakin ƙofa kullum?"

Malama na gefe tana danna waya. "Na kira, ba a amsa ba. Tebur zan rubuta ya zo?"

Uwar ta kama salati a ranta. Sai Auta ta zaro littafinta ta ajiye gaban shugaba, ba ta dubi kowa ba. Ashe kullum tana rubuta duk abin da ya faru a aji.

Shugaba ya karanta a fili. "Litinin. Lissafi. Malama ta ce gunki ya iso. Talata. Malama ta ce kada kowa ya zauna kusa da ni, zan shafa masa." Ya yi ta buɗa shafi. Kwana arba'in da biyu cif.

"Ranka ya daɗe, wasa nake yi," in ji malama.

"Wasa?" in ji uwar. "Wata biyu ke nan ba ta yarda ta zauna kusa da yayyenta! Ashe tsoro take kada ta shafa musu. Allah Yana ganinki, Malama."

Shugaba ya tura wa malama rajista da biro. "Kira sunanta."

Ta kira.

Ƙwas, ƙwas.

"Kin ji? Rubuta ta zo. Saura arba'in da ɗaya."

Darasi: Yaron da bai amsa da baki ba yana ji, yana kuma ajiyewa a zuciya. Malamai, ku ji tsoron Allah, ku koyi yadda kowane yaro ke amsawa. Ku tura wa duk wani malami da kuka sani.