Masu Gadin Lambu da Tulun Gwauruwa

Akwai wani mutum mai babban lambu a bakin rafi. Ya ɗauki masu gadi shida, ya ba kowannensu sanda, ya naɗa ɗaya shugaba. Hanyar da matan gari suke bi zuwa ɗiban ruwa kuwa ta gefen lambun ta ratsa.

Wata rana wata gwauruwa tana dawowa daga rafi, sai wani mai gadi ya tare ta, ya ce ta tsinki mangwaro. Ta ce ba ta taɓa ba. Ya kai wa tulunta sanda, tulun ya fashe, ruwa ya jiƙe ta sharkaf a gaban mutane.

Ta kai ƙara wurin shugaban masu gadi. Shi kuwa da mai gadin nan akushi ɗaya suke ci. Ya ce, "Baba, mun bincika, ba shi da laifi. Ki yi haƙuri."

Daga ranar mutanen gari suka daina gaishe su. Ko sun ga awaki sun fasa shinge, ba mai faɗa musu.

Da mai lambu ya ji dalili, ya roƙi garin su zaɓi mutum uku waɗanda ba sa cin abincinsa, ba su kuma da dangi cikin masu gadi, su riƙa sauraron kowace ƙara.

Shugaban ya ɓata rai. Ya ce, "Maigida, ashe ba ka yarda da mu ba?"

Mai lambu ya ce, "Da ban yarda da ku ba, da ban ba ku sanda ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani."

Mutanen ukun suka zauna a gindin tsamiya, suka ji bakin kowa. Suka sami mai gadin da laifi. Aka karɓe sandarsa har bayan damina, shi da kansa ya ɗauki sabon tulu ya kai ƙofar gwauruwar. Ba da daɗewa ba wani ya yi wa wani mai gadi ƙazafi, su ukun kuma suka wanke shi, gari duka ya yarda da hukuncin. Aka koma gaisawa, lambu ya zauna lafiya.

Ma'anar wannan misali ita ce: lambun ƙasarmu ce, masu gadin kuwa 'yan sandanmu ne. Aikinsu mai daraja ne a gaban Allah, mu riƙa yi musu addu'a. Amma wanda ya riƙe sanda bai kamata ya zama alƙalin kansa ba. Idan akwai masu bincike daga waje, mai gaskiya a cikinsu zai sami mai wanke shi, talaka kuma zai sami inda zai kai kukansa.

Kai ma da aka ba ka iko a gida, ko a makaranta, ko a ikilisiya, wa ka ba izini ya ce maka, "Ka yi kuskure"? In babu, nemi mutumin tun yau.