Yatsan Barau Mahauci

Ina neman afuwa tun farko. Sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau alƙalami rawa yake yi a hannuna.

Barau mahauci, dattijo mai ciwon suga, yana da 'ya'ya mata uku. Kwana uku bayan Babbar Salla ya wayi gari babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jawur, ko zane ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Abokansa suka ce mugunya ce ta taru, aka kira wanzami ya yi sakiya.

Tabawa, babbarsu, ta tarar an sa kibiya a wuta. Ta tare ƙofa ta ce, "Baba wanzami, ka gafarce ni. Kumburin da ba shi da baki, ina za ka huda?" Ba ta gusa ba har ƙarfen ya huce.

Barau ya ce shi da asibiti sai dai a kai gawarsa. Shatu, ta tsakiya, wadda ke shayarwa, ta zauna gabansa ta ce, "To Baba, ni da abinci sai ka tashi." Ya daure har la'asar, sannan ya ce, "Ja'ira, nemo mota."

Likita ya duba ya ce ya yi kama da ƙwayoyin cuta sun shiga fata, ya ɗauki biro zai rubuta magani. Indo, autarsu, ta ce, "Likita, bara ma haka ya yi bayan layya, da ya cika cin hanta da ƙoda. Babu zazzaɓi, mako guda ya saɓe da kansa."

"Ke, wa ya tambaye ki?" in ji Barau.

Likita ya ajiye biro, ya zuƙi ruwan gaɓar da sirinji. A madubin asibiti mai girmama ƙananan abubuwa ba a ga ƙwayar cuta ba, sai wasu 'yan tsirarun abubuwa masu tsini kamar allurai, waɗanda yawan cin hanta da ƙoda kan sa su taru a gaɓa. Ya sauya magani, ya ce da an yi sakiya, da wuya miki ya warke a ƙafar mai suga.

Bayan 'yan kwanaki Barau ya miƙe, ƙafarsa lafiya. Karsana ɗaya tak gare shi, kuma ya yi niyyar ba ɗaya daga cikin 'ya'yan nan tukuici.

Inda na yi kuskure, masu ilimi ku gyara mini. Amma ku fara warware wa Barau: wacce zai miƙa wa igiyar karsanar?