Yadda Dila Ya Yi Wa Talotalo Kiwon 'Ya'ya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wata talotalon daji mai suna Kandala, a wani kurmi mai yawan kanya. Kun dai san su: kai ba gashi, wuya ja jawur, jiki baƙi yana sheƙi. Wuni suke tonon busassun ganye, rana ta faɗi su hau bishiya su kwana. To, Kandala ta yi ƙyanƙyasa a ƙasa, 'ya'yan ba su yi fiffike ba, dole take kwana da su a gindin kanya, kullum gabanta na faɗuwa.

Ran nan sai ga Dila yana lasar baki.

"Kandala, na zo cin 'ya'yanki."

Kandala ta dake. Ta ce, "Haba Malam Dila, waɗannan? Gashi ne da ƙashi. Bari su ci fara su yi ƙiba."

Shi gogan bai taɓa ganin talotalo a sama ba, kullum a ƙasa yake ganinsu suna tafiya da ƙyar. Ya ce a ransa, ina za su? Don kwaɗayi, shi da kansa ya riƙa koro musu fara daga ciyawa.

Kwana biyu ya dawo. "Sun yi ƙiba?"

"Da saura, Malam. Sai sun ci gara."

Ya tone musu suri, gara ta ciccije masa hanci.

Ya sake dawowa. "Sun yi ƙiba?"

"Da saura, Malam. Sai sun ci kanya. Ta ƙasa ta ruɓe, ta sama ce mai sa kitse. Ja da baya, kana tsorata su."

Dila ya ja da baya. Fir! Fir! 'Ya'yan suka haye reshe. Auta ya yi tsalle ya faɗo. Dila ya gane, ya zaburo.

Kandala ta ƙwala ihu, "Buɗe fiffikenka, Auta!"

Auta ya buɗe, ya tashi, haƙorin Dila ya kama iska.

"Ku sauko!" in ji Dila.

Kandala ma ta bi su reshe, ta shafa kan Auta, daɗi ya cika ta. Ta ce, "Mun gode da kiwo, Malam. Nan za mu kwana."

Yara, in tsoro ya kama ku, kada ku bari ya tafi da wayonku.

Kurunkus kan ɗan fara!